GEMU BA YA HANA ILMI: CIWON HANTA NA KIRAN MA'AIKATAN LAFIYA SU KOMA AJI

Daga Wakilinmu a Gombe

DUK wanda ya taɓa zama a bencin jiran ganin malamin asibiti da sassafe, ko a Gabukka, ko a Pantami, ko a Bolari, ya san irin mutumin da za mu yi magana a kansa. Magidanci ne da bai wuce shekara 40 ba, ya rame, ciki ya taso kamar tulu, farin idonsa kuwa ya koma rawaya. In ka tambayi 'yan'uwansa sai su ce shawara ce, waɗansu ma su ce sammu ne. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya sha maganin taifot har ya gaji, sai da ƙafafu suka kumbura sa'an nan aka ɗauko shi. Galibi a wannan lokaci hanta ta riga ta lalace, abin da ya rage wa likita kaɗan ne.

Abin baƙin ciki shi ne, mutumin nan ba baƙo ba ne a asibiti. Shekara da shekaru yana zuwa, yau zazzaɓi, gobe ya rako mai ɗakinsa awon ciki, jibi ya kawo yaro rigakafi. A duk zuwan nan, da an sami wanda ya ce a ɗiga jininsa a ɗan tsinken gwaji, aikin da ba ya kai rabin sa'a, da an gano ƙwayar cutar tun tana kwance. Ma'aikatan da ya bi ta hannunsu ba ƙyuya suka yi ba. Da yawansu sun bar makaranta ne a zamanin da ake koya cewa ciwon hanta ba shi da wani magani na kirki, kuma tun daga ran nan ba wanda ya sake zaunar da su ya gaya musu cewa magana ta sake.

YADDA ILMIN YA SAKE

Lalle kuwa ta sake, kuma cikin rayuwar mutum ɗaya. A shekarar 1965 ne wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, ya ba da labarin wata alama da ya gani a cikin jini, wadda daga baya aka tabbatar ta ƙwayar ciwon hanta ce mai lamba B. Aka ba shi kyautar Nobel a 1976, ranar haihuwarsa kuwa, watau 28 ga Yuli, ita ce aka mayar Ranar Ciwon Hanta ta Duniya. Allurar rigakafin wannan ƙwaya ta fito a 1981, amma sai a 2004 ta shiga jerin alluran da ake yi wa jarirai a Nijeriya. Ma'anar wannan ita ce, galibin waɗanda aka haifa kafin shekarar ba su sami wannan garkuwa ba.

Ƙwaya mai lamba C kuwa ba a ma gano ta ba sai a 1989. Shekaru da yawa maganinta allura ce mai wahalarwa, wadda akan yi wata 6 ko shekara guda ana yi, kuma kusan rabin masu yin ta ne kawai ke warkewa. Ba mu ce an taɓa ganin sauyi irin na 2013 a wannan fage ba, domin a shekarar ce aka amince da ƙwayar magani mai suna sofosbuvir. Da ita da 'yan'uwanta, mutum yakan sha magani mako 12 ya rabu da cutar, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na masu sha suna warkewa sarai.

Haka labarin yake ga gyambon ciki, wanda mutanenmu ke kira olsa. Da can an ɗauka yunwa ce da tunani da barkono ke kawo shi, sai a ce da mutum ya sha madara ya daina ɓacin rai. A 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce mai zama a tumbi ke haddasa yawancinsa. Da abokan aiki suka ƙi yarda, Marshall ya kurɓi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kamu da ciwo don kowa ya gani. Su ma an ba su kyautar Nobel a 2005. Yau akan haɗa wa mai gyambo magungunan kashe ƙwayar da na rage tsamin ciki ya sha mako biyu, maimakon ya ƙare rayuwarsa yana kurɓar farin magani daga kwalba.

GIRMAN MATSALAR

Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi gida-gida a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar B, kashi 1.1 kuma suna ɗauke da C. Watau a sahun salla mai mutum 25, ana iya samun biyu masu ƙwayar B, alhali kuwa ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da B a duniya, miliyan 50 ke ɗauke da C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar. Daga cikin masu B, kashi 13 cikin 100 ne kaɗai aka auna aka gano, kashi 3 ke shan magani.

Gombe ta yau ba Gombe ta da ba ce. Kafin a kafa jihar ranar 1 ga Oktoba 1996, mai babban ciwo sai a tura shi Jos, ko Maiduguri, ko Zariya. Yanzu akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda ya soma a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya aka ɗaga darajarsa a 2014, ga Asibitin Ƙwararru na Jiha, ga Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 tana yaye likitoci. Duk da haka likitocin da suka ƙware a kan hanta da hanji 'yan ƙalilan ne a ƙasar nan baki ɗaya, kuma mutumin Gabukka ba da su yake fara haɗuwa ba. Wanda yake fara gani shi ne malamin ɗakin shan magani na unguwa, da ungozoma, da mai kyamis. In ilmin ya tsaya a babban asibiti, to, ya tsaya nesa da inda cutar take.

ABIN DA YA KAMATA A KOYA

Darasi na farko na ɗakin haihuwa ne. Babban mutum in ya kamu da ƙwayar B, jikinsa yakan kore ta, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunawa a jikinsu. Jariri kuwa in ya ɗauka wajen haihuwa, 9 cikin 10 takan zauna musu har tsufa, su ne kuma ke zuwa da kumburin ciki ko dajin hanta suna tsakiyar ƙarfinsu. Maganin wannan allura ce guda da ake so a yi wa jariri cikin sa'a 24 da haihuwa, sa'an nan a bi ta da sauran a mako na 6, da na 10, da na 14. Mu kuwa al'adarmu ba a fita da jariri sai bayan suna, haihuwa da yawa kuma a gida ake yi. Saboda haka ungozomar da ta san darajar yinin farko ta fi kowace na'ura amfani. Haka nan ya kamata a auna kowace mai ciki, domin wadda ƙwayar ta yi yawa a jininta akan ba ta maganin tenofovir kafin haihuwa don a kare ɗan.

Darasi na biyu shi ne sanin wanda ya cancanci magani. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta tsananta, har ya zama kaɗan ne daga masu ƙwayar B ke shiga. A watan Maris na 2024 ta fito da sabuwa, wadda ta buɗe ƙofa ga aƙalla rabinsu. Akwai wani lissafi mai suna APRI da ake yi da sakamakon gwajin jini guda biyu masu araha, yana nuna ko hanta ta soma tauri. Da can sai lissafin ya haura 2 ake ba da magani, yanzu kuwa in ya haura 0.5 ya isa. An kuma shigar da wanda ke da tarihin dajin hanta a danginsa. Likitan da bai ji wannan ba zai ci gaba da sallamar mutanen da ya kamata ya riƙe, da kyakkyawar niyya kuwa. Ya kamata kuma ya san cewa maganin B danne ƙwayar yake yi ba kashe ta ba, don haka ba a tsayar da shi kai tsaye, kuma duk mai alkawarin wanke ta cikin wata guda kuɗin jama'a yake nema.

Darasi na uku shi ne kalmar shawara kanta. Rawayar ido alama ce, cututtuka da yawa ke kawo ta: ƙwayoyin hanta, da toshewar hanyar matsarmama, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sikila, da kuma ainihin zazzaɓin shawara wanda sauro ke yaɗawa, irin wanda ya ɓulla a yankin Alƙaleri ta Jihar Bauchi a 2019. Kowanne da hanyarsa. Haka nan mai ciwon ciki da ke aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ko yake ramewa ba dalili, ko abinci ke tsaya masa, ba mai jiran sati ba ne, sai a tura shi inda ake leƙa ciki da na'ura nan da nan.

Darasi na huɗu na rumbu ne. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da wata guba da ake kira aflatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sanadin ƙulin gyaɗa da aka ba su. Gubar nan in ta haɗu da ƙwayar B a hanta ɗaya, hatsarin daji yakan ninka sau da yawa. A ƙasar noma kamar Gombe, malamin asibiti ya kamata ya iya zancen shanya da ajiya kamar yadda ya iya zancen allura.

Darasi na biyar shi ne na baki. Ana yawan cewa ciwon hanta ana ɗaukarsa ta gumi ko ta cin abinci a kwano ɗaya, har akan ware wa mutum cokali, a guje shi a gida. B da C ta jini suke bi, da haihuwa, da saduwar aure, da askar wanzami ko ƙaho ko allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani. Tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da ciwon hanta, wannan magana ta ƙara nauyi a Arewa. Kalma ɗaya daga ma'aikacin da bai sani ba tana iya rushe aure, alhali allura uku cikin wata 6 sun isa su kare wanda ba shi da ƙwayar.

TA YAYA ILMIN ZAI SAUKO?

Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta wajabta wa kowane likita ya tara maki 20 na ƙarin ilmi a shekara kafin a sabunta masa lasisi. Doka ce mai kyau. Amma kowa ya san akwai taron da akan je don a sa hannu a karɓi takarda, akwai kuma laccar da kamfanin magani ke ɗaukar nauyi don ya tallata hajarsa. Bugu da ƙari, ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda su ne suka fi ganin jama'a, ba kasafai ake gayyatarsu irin wannan zama ba.

Akwai misalin da ya kamata mu duba. A Jihar New Mexico ta Amurka, wani likitan hanta mai suna Sanjeev Arora ya ga masu ƙwayar C suna jira wata 8 kafin su gan shi. A 2003 sai ya soma zama kowane mako ta hanyar bidiyo da ma'aikatan ƙauyuka, kowa ya kawo labarin maras lafiyarsa ba tare da suna ba, a tattauna, a yanke shawara. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna waɗanda aka yi wa magani a ƙauye sun warke daidai da na asibitin jami'a, kusan kashi 58 cikin 100 kowane ɓangare, da maganin wancan zamani.

In an yi haka a tsakanin garuruwa masu nisan ɗaruruwan mil, me zai hana a yi tsakanin Gabukka da Asibitin Koyarwa, tafiyar da Keke Napep ke yi? Muna ganin Ma'aikatar Lafiya, da Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta jiha, da Ƙungiyar Likitoci reshen Gombe, suna iya tsara zama ɗaya a wata, da Hausa da Turanci, a kan marasa lafiyar da aka gani da ido. Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kaltungo da ta Jinya da Ungozoma ta Gombe su ma su riƙa kiran tsofaffin ɗalibansu. A kuma fara da yi wa ma'aikatan kansu gwaji da rigakafi, tun da su ne kullum hannunsu cikin jini.

Ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2016 cewa za su kawar da barazanar ciwon hanta kafin 2030. Masar, wadda a da ta fi kowa fama da ƙwayar C, ta auna miliyoyin mutanenta daga 2018, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023. Mu namu aikin zai soma ne daga bencin nan na sassafe. Kai kuma mai karatu, in ka je asibiti ka nemi a auna ka, in an yi maka haihuwa ka tambaya ko an yi wa jaririn allurar yinin farko. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinyarsu sani, amin.