Ɗaya cikin arba'in: ina kuɗin taimako ke fitowa?

A ɗauki ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ta Kano, mai shagon kayan roba ko mai fasa dilolin gwanjo. Shekara ta zagayo, ya yi wa kayansa kima, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran karɓa, jimilla ta kai naira miliyan 40. Idan ta haura nisabi, wato kuɗin giram 85 na zinare, zakkarsa ɗaya ce cikin arba'in: naira miliyan 1 cur. Ina za ta je? Galibi a ambulan za ta watse, wani kaso ga 'yan uwa, wani ga malamin unguwa, wani ga zawarawa da marayu. Babu rasit, babu littafi.

Wannan ne ke fassara alƙalumman da gidauniyar CAF ta Birtaniya ta fitar a 2025. Cikin ƙasashe 101 da ta bincika, Najeriya ce ta zo ta ɗaya a kyauta, inda mutum ke bayar da kashi 2.83 cikin ɗari na abin da yake samu. Mutanen ƙasashe masu arziki kuwa kashi 0.7 suke bayarwa. Sai dai lissafin ya haɗa har da abin da aka miƙa hannu da hannu da wanda aka kai masallaci ko coci. Bai ce ƙungiyoyinmu na da kuɗi ba. Ya ce mutanenmu na da hannun kyauta.

Kano ta daɗe tana neman tara wannan ruwa a tafki guda. An kafa majalisar zakka tun 1982, sannan a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka yi dokar Hukumar Zakka da Hubusi. Amma attajirin Kano ya fi natsuwa idan ya ga fuskar mai karɓa.

Ƙungiyar da ke son kuɗin manyan masu bayarwa kuwa dole ta shiga littafi. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta, ta tanadi a yi rijistar amintattu a hukumar CAC, a riƙa miƙa rahoton shekara, a kuma hana raba rarar kuɗi tsakanin mambobi. Bankuna na neman takardar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, kafin su buɗe asusu. Sashe na 839, da ya bai wa hukuma damar dakatar da amintattu, shi ya tayar da ƙura a lokacin, musamman a wajen shugabannin coci.

Kan hana raba rarar kuɗi ne mutane ke yawan kuskure. Da sun ji an ce ƙungiya ba ta neman riba, sai su ɗauka bai kamata ta biya albashi ko ta sayi man mota ba. Alhali cikin mutane takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, har da ma'aikatan da ke tara zakkar. Malaman Shafi'iyya sun ƙayyade musu ɗaya cikin takwas, kashi 12.5 ke nan, namu na Malikiyya suka ce a biya su gwargwadon aikinsu. Ni dai na fi tsoron ƙungiyar da ke alfaharin ba ta kashe ko sisi a ofis, domin wadda ba ta biyan akanta ba ta da mai ƙirga mata kuɗi.

Sai maganar dala. A 2023 Amurka ta bai wa Najeriya tallafin kimanin dala biliyan 1, mafi yawansa a harkar lafiya da agajin gaggawa, kuma ta hannun ƙungiyoyi ya bi. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin waje na kwana 90, zuwa Yuli kuma aka rufe USAID, hukumar da ke raba tallafin. Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin 2025 don toshe giɓin lafiya. Kada a yi saurin cewa an maye ɗaya cikin biyar, tunda biliyan ɗin ya haɗa abinci da ilimi, miliyan 200 ɗin kuwa na lafiya ne kaɗai. Ƙungiyar likitoci ta MSF, mai kula da yara masu tamowa a Unguwa Uku, umarnin bai taɓa asusunta kai tsaye ba: fiye da kashi 95 na kuɗinta daga masu bayarwa masu zaman kansu yake, miliyoyin mutane kowa da ɗan abin da ya sawwaƙa. Da ma mai kwana a tabarmar aro ba ya barci mai nauyi.

Masu tara naira su ma da tasu damuwar. A ce ƙungiyar layi guda a kasuwa tana da mambobi 200, kowa na zuba naira 500 duk mako don gobara, rashin lafiya da ta'aziyya. A shekara an tara naira miliyan 5.2. A watan Mayun 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a banki, kuɗin ya haura dala 11,000. A ƙarshen 2024, da dala ta kai wajen naira 1,500 kuma hauhawar farashi ta taɓa kashi 34.8, bai cika dala 3,500 ba. Ma'aji bai ci ko kwabo ba, amma asusun ya rame.

Hubusi ne maganin da fiƙihu ya sani: a tsare uwar dukiya, a ci 'ya'yanta. Gidauniyar Aliko Dangote, da aka kafa a 1994, a 2014 ya ware mata dala biliyan 1.25. A Amurka doka ta tilasta wa irin waɗannan gidauniyoyi kashe aƙalla kashi 5 na dukiyarsu duk shekara. Da ma'aunin za a bi, dala miliyan 62.5 ke nan. Ƙungiyarmu ta kasuwa kuwa, kafin shaguna ko gidajen haya su riƙa kawo mata miliyan 5.2 a kan kashi 5, sai ta mallaki kadarar naira miliyan 104, zubin shekara 20 ba tare da an taɓa shi ba. Kuma ba za a cike shi da miliyan ɗin mai kayan roba ba, domin yawancin malamai sun ce zakka mallaka wa mabukaci ake yi, ba a mayar da ita hubusi. Daga sadaka da wasiyya zai fito, wasiyyar ma iyakarta sulusin dukiya.