Idan Faifai Ya Maƙale a Cikin Kwamfuta, a Fara Kasa Kunne

A shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu har yanzu kwamfutar tebur ce ke riƙe da aiki, galibi Dell ko HP na gwanjo, kuma kusan kowacce tana da gidan faifai a goshinta. Sai a yi wata da watanni ba a waiwaye shi ba. Ranar da aka kawo faifan bidiyon biki, ko na tafsiri, ko wanda ya zo cikin kwalin firinta, ranar ce za a danna maɓalli tiren ya ƙi fitowa. Daga nan sai ka ga an ɗauko wuƙa ko sukundireba ana ɓamɓarar bakinsa. Abin da da ma gyaran 'yan mintoci ne, a nan ake mayar da shi asara, domin haƙoran da ke ƙarƙashin tiren na roba ne, idan suka karye kuma an gama.

Sanin abin da ke faruwa a ciki yana rage rabin wahalar. Tun 1982 da kamfanonin Philips da Sony suka fito da faifan CD mai faɗin santimita 12, har zuwa DVD da ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1990, tsarin gidan faifai mai tire bai canza sosai ba. Akwai ƙananan injina uku: ɗaya yana juya faifai, ɗaya yana matsar da idon da ke karantawa, na ukun kuma aikinsa shigar da tire da fitar da shi. Wannan na ukun yana juya wani siririn bel na roba, bel ɗin ya juya gargare mai haƙora, gargaren ya tura tire. Idan tire ya shige, sai injin juya faifai ya ɗago sama ya haɗe da wani maganaɗisu da ke danne faifan don kada ya yi rawa. Saboda haka kafin tire ya motsa ko da kaɗan, sai ɗan injin nan ya fara raba maganaɗisun da abin da ya kama. Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan ne yawancin tsofaffin gidajen faifai suke gazawa.

Shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa kunne yake fara sawa kafin hannu. A danna maɓallin a saurara, a kuma dubi 'yar fitilar da ke gefensa.

Idan shiru kake ji, fitila ma ba ta ƙifta ba, to wuta ce ba ta isa wurin ba. A kashe kwamfuta, a zare ta daga soket, a buɗe murfin gefe a duba wayoyi biyun da ke bayan gidan faifan. Mai faɗin ita ce ta wuta a sababbi masu SATA. A tsofaffi masu IDE kuwa farin kai ne mai ramuka huɗu. Jijjigar hanya, ko hannun wanda ya taɓa buɗe kwamfutar don sa wani abu, kan sassauta ta. A cire a mayar da kyau, ko a gwada wani reshen wayar. Fitar tire ba ta buƙatar wayar bayanai ko kaɗan, wuta kawai take so. Akwai kuma wani abin haushi: wasu akwatunan kwamfuta suna da ƙyaure a gaban gidan faifai da nasu maɓallin na ado, wanda shi ne ke taɓo na ainihi daga ciki. Idan gidan faifan ya ɗan ja baya, sai ka yi ta dannawa a banza. Saukar da ƙyauren da yatsa a danna na cikin ya isa ya tona asirin.

Idan fitila ta ƙifta amma ba motsi, wataƙila manhaja ce ta kulle ƙofar. Manhajojin kwafar faifai suna da ikon hana tire buɗewa yayin da suke rubutu, kuma idan ɗaya ta sandare tsakiyar aiki sai ta bar shi a kulle. A Windows a shiga This PC, a danna gidan faifan da ɓangaren dama na linzami a zaɓi Eject. In ya ƙi, a sake kunna kwamfuta a danna maɓallin tun tambarin Dell ko HP yana kan allo, kafin Windows ta tashi. Ya buɗe a lokacin? To injinsa lafiya lau, laifin na manhaja ne.

Amma abin da aka fi cin karo da shi shi ne ka ji gurnani, ko ƙas-ƙas sau biyu ko uku, sannan shiru. Injin yana juyawa ke nan, bel ne yake zamewa. Roba ba ta son zafi, ba ta son ƙura, ga namu ɗakunan kuwa bazara ta gasa, hunturu ya cika su da ƙura. Zama wuri ɗaya ma yana cutar da ita: bel ɗin da ya shekara bai juya ba yakan sandare da siffar yadda ya kwana, ya yi santsi. Ƙarfin da ya rage masa ba zai iya ɓamɓare maganaɗisu ba. Wannan ne dalilin wani abu da ke ba mutane mamaki, cewa gidan faifai yakan buɗe idan akwai faifai a ciki, ya ƙi idan babu komai. Kaurin faifan ne ke shiga tsakani ya rage kamun maganaɗisun. Wasu sukan bar tsohon faifai a ciki dindindin saboda haka, wasu kuma su ɗan ƙwanƙwasa goshin tiren da yatsa suna danna maɓalli. Duka dabarun suna ci, sai dai jinkirta gyara ne kawai.

Masu ƙera na'urar sun san ranar nan za ta zo, sun kuma san za a iya ɗauke wuta da faifai a ciki, abin da mu ba sai an ba mu labari ba. Don haka suka bar wani ɗan rami kamar na allura a goshinta, ƙasa da tire. Kada a rikita shi da ramin fitila. A samo kilif na maƙale takardu a miƙar da shi. Tsinken sakace karyewa zai yi a ciki, allura kuma ta yi gajarta. A kashe kwamfutar tukuna, a ɗan jira faifai ya tsaya, domin gidan faifai mai gudun 52x yana juya shi kusan sau 10,000 a minti ɗaya, kuma faifan da aka saki yana wannan gudu zai karce ko ya tarwatse. Sai a cusa kilif ɗin a miƙe. Zai shiga ɗan nisa ba tare da ya taɓa komai ba, sannan ka ji ya tokari wani abu. A tura a hankali amma da ƙarfi. Za ka ji wani abu ya sauka a ciki, tiren ya leƙo kamar faɗin yatsa. Daga nan hannu ne zai ƙarasa jawo shi.

Tunda tire ya fito, a haska tocila ƙarƙashinsa ta gaba. A yawancin samfura za ka hango bel ɗin, baƙi siriri, ya zagaye gargare biyu. A zaro shi da hantsaki ko lanƙwasasshen kilif, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe sarai, a goge gargaren da auduga da ɗan sifirit. Mai kuwa kada ya kusanci wurin. Ban san daga ina mutane suka samo cewa duk abin da ya cije mai yake nema ba. A nan santsi ne ciwon tun farko. Idan bel ɗin ya saki da yawa, a cire na wani mataccen gidan faifai, masu gyara ba sa rasa su a jibge. Robar ɗaure kuɗi ma takan yi na ɗan lokaci idan girmanta ya dace.

Idan kuwa ka tura kilif, tire ya leƙo sannan ya cije, to dakata. Wani abu ne ya tokare: faifai ya goce daga mazauninsa, ko takardar da aka liƙa masa ta ɗago, ko yaro ya cusa biyu a lokaci guda, ko an sa ƙaramin faifai mai santimita 8 a kwamfutar da ke tsaye ya zame ciki. Ja da ƙarfi faifan zai ci. Sai a ciro gidan faifan gaba ɗaya, a kwance sukurorin ƙarƙashinsa, a ɗaga murfin ƙarfen a ɗauke faifan da hannu, ba tare da taɓa idon gilashin ba.

Ni dai a ganina, gidan faifan da ya ci sabon bel ya sake ƙi, bai cancanci a ƙara ɓata masa yini ba. Na gwanjo ba ya tsada, akwai kuma na waje da ake jonawa ta USB. Wanda zai je kasuwa ya fara leƙa bayan nasa ya ga ko SATA ne ko IDE, domin girmansu ɗaya, inci 5.25, amma bakin wayoyinsu ba ɗaya ba ne, kuma kwamfutocin baya-bayan nan ba su da wurin jona IDE.