SABON GILASHI, SABON SAITI: Dalilin Daidaita Kyamarar Mota Bayan An Sauya Gilashin Gaba

A da, in tsakuwa ta tashi daga ƙarƙashin tayar babbar mota ta fasa gilashin gaba na ƙaramar mota, gyaran ba ya ɗaukar dogon tunani. Mai gyara ya cire fasasshen ya kafa sabo, mai mota ya biya ya kama hanya. A motocin alfarma na wannan zamani kuwa, irin su Mercedes-Benz da BMW da Lexus da Audi da Volvo da Range Rover, al'amarin ya sake. A bayan gilashin, daga can sama, dab da madubin tsakiya, akwai wata 'yar kyamara mai duban hanya dare da rana. Bisa abin da ta gani ne kwamfutar mota ta ke yanke shawarar ko ta gargaɗi direba, ko ta juya sitiyari kaɗan, ko ta taka birki da kanta. Duk ran da aka sauya gilashi, to an taɓa mazaunin wannan ido. Maƙasudin wannan ƙasida shi ne a bayyana wa masu motoci da direbobi da masu sana'ar kafa gilashi cewa aikin bai kammala ba sai an sake daidaita kyamarar.

AIKIN KYAMARAR

Kyamarar tana ɗaukar hotuna da yawa a cikin kowace daƙiƙa, kwamfuta kuma tana karanta su nan take. Daga cikin ayyukan da su ka dogara a kanta akwai gargaɗin direba in mota ta fara ratse wa layinta ba tare da an kunna sigina ba, da mayar da ita cikin layin, da karanta allunan iyakar gudu, da sauke babbar fitila in wata mota ta taho daga gaba. Mafi muhimmanci duka shi ne birkin gaggawa, watau motar ta tsayar da kanta in ta ga za ta auka wa wata mota ko mai tafiya a ƙasa alhali direba bai taka birki ba. A motoci da yawa kyamarar tana aiki ne tare da na'urar rada da ke cikin hancin mota. Rada tana auna nisa da sauri, kyamara kuma tana tantance ko mene ne a gaba, da kuma ko a wane layi ya ke.

Waɗannan na'urori sun soma ne a motoci masu tsada. A 1999 kamfanin Mercedes-Benz ya sa wa motarsa S-Class na'urar Distronic, mai amfani da rada don riƙe tazara tsakaninta da motar gaba. A 2008 kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya fito da City Safety a motarsa XC60, da na'urar auna nisa a saman gilashin gaba. A shekarar nan ce kuma Subaru na Japan ya fito da EyeSight, mai kyamara biyu a gefen madubi. A 2013 S-Class ita ma ta samu tagwayen kyamara masu auna nisa kamar yadda idanun mutum biyu ke yi.

Daga nan sai abin ya yaɗu. A 2016 kamfanonin ƙera mota 20 sun yi alkawari ga hukumomin Amurka cewa za su sa birkin gaggawa a kusan dukkan sababbin ƙananan motocinsu kafin Satumba 2022. Tarayyar Turai kuwa doka ta yi: tun daga Yuli 2024 kowace sabuwar ƙaramar mota da za a yi wa rajista a ƙasashenta dole ta kasance da birkin gaggawa da na'urar riƙe layi. Wani binciken cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka, wanda aka buga a 2017, ya nuna cewa gargaɗin karo haɗe da birkin gaggawa sun rage haɗarin auka wa motar gaba da kimanin rabi. Da ya ke daga Amurka da Turai a ke shigo da yawancin motocin hannu da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas, irin waɗannan motoci sai ƙaruwa su ke yi a titunan Nijeriya.

YADDA SAITI KE KAUCEWA

Ba a jikin ƙarfen mota a ke ɗaure kyamarar ba. Tana zaune ne a cikin wani ɗan mazauni da aka manne a jikin gilashin kansa. A masana'anta, bayan an gama haɗa mota, a kan koya wa kwamfutar daidai inda kyamarar ta ke kallo: tsayinta daga ƙasa, da karkatarta sama ko ƙasa, da yadda ta fuskanci tsakiyar hanyar da motar ke bi. Da wannan ma'auni ne kwamfutar ke juya hoto ya zama lissafin nisa.

In an kafa sabon gilashi, abubuwa uku su kan canja. Na farko, da wuya sabon gilashi ya zauna daidai inda tsohon ya zauna, domin kaurin gam da danna hannun mai aiki su kan bambanta. Na biyu, mazaunin da ke jikin sabon gilashi yana iya karkata da ɗan abin da ido ba ya gani. Na uku, gilashi yana lanƙwasa haske, kuma ta cikinsa kyamarar ke kallo, kamar mutumin da ya sa tabarau. Wanda aka canja wa tabarau ya san cewa ƙasa ta kan yi masa nisa ko kusa kafin ya saba. Kwamfuta kuwa ba ta sabawa sai an sake koya mata.

Ga ɗan lissafi da zai nuna girman al'amarin. In kyamara ta karkata gefe da digiri 1 kacal, to a nisan mita 100 kuskuren ya kai mita 1.75. Faɗin layi ɗaya na babban titi kimanin mita 3.5 ne, watau kuskuren ya cinye rabin layi ke nan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar gudun ƙananan motoci a manyan titunan ƙasar nan masu tagwayen hanya, tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, ta kuma cinye mita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 4. A irin wannan hali motar tana iya ɗaukar tirelar da ta lalace a layinta a matsayin wadda ke layin gefe, ta makara wajen taka birki. Tana kuma iya ɗaukar motar layin gefe a matsayin wadda ke gabanta, ta taka birki ba dalili, wanda ke binta ya auka mata. Haka nan na'urar riƙe layi tana iya riƙa jan motar zuwa bakin titi ko zuwa ga masu tahowa.

Lalle ne mai karatu ya lura da wannan: rashin ganin fitilar gargaɗi a gaban direba ba shaida ba ce cewa kome lafiya. Fitilar ta kan kama in an cire waya ko an rufe idon kyamara. Amma kyamarar da ke aiki tana kallon karkace, sau da yawa kwamfuta ba ta da hanyar gane haka, sai ta ci gaba da gaskata abin da a ke nuna mata.

GILASHIN KANSA

Gilashin gaba falle biyu ne da aka haɗe da wata siririyar roba a tsakaninsu, mai kauri kimanin milimita 0.76. Ita ce ke riƙe ɓaraguzai in ya fashe. Wani Bafaranshe mai suna Édouard Bénédictus ne ya yi rajistar dabarar haɗa gilashi da roba a 1909. A motocin alfarma an ƙara masa abubuwa da dama: roba mai rage ƙara, da shafi mai mayar da zafin rana, da na'urar jin ruwan sama mai kunna waifa, da siraran wayoyi masu ɗumama gaban kyamara don kada raɓa ta rufe ta. Motar da ke haska saurinta a jikin gilashi a gaban direba tana bukatar gilashi na musamman, wanda robarsa ta fi kauri daga sama, in ba haka ba rubutun zai fito biyu-biyu.

Saboda haka gilashi biyu suna iya zama girma ɗaya, su shiga mota ɗaya, amma ɗaya ne kawai ya dace da kyamarar. Hanyar tabbatarwa ita ce lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda a ke gani ta ƙasan gilashin a ɓangaren direba. Da ita a ke nemo ainihin gilashin da ya dace. Gilashi mai rauni a wajen ƙira yana iya murɗa hoto har daidaitawar ta ƙi karɓuwa, a koma sayen wani. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Gam ɗin da a ke manna gilashi da shi kuma yana da lokacin bushewa da kamfaninsa ya ƙayyade. Ba a tuƙa mota ko a soma daidaitawa kafin lokacin ya cika, domin gilashin yana taimakon rufin mota in ta kife, kuma a motoci da yawa a jikinsa jakar iska ta fasinja ke jingina in ta buɗe.

HANYOYIN DAIDAITAWA

Hanyoyin biyu ne, kuma kamfanin da ya ƙera mota ne ke faɗin wadda ta dace da kowace.

Ta farko ita ce daidaitawa a tsaye. A kan ajiye motar a cikin gareji mai shimfiɗaɗɗen daɓe wanda ba shi da gangara, da haske madaidaici. A duba iskar taya huɗu, a sauke kaya masu nauyi, a miƙe sitiyari. Sa'an nan a auno layin tsakiyar mota, a kafa wani allo mai zane baƙi da fari a gabanta, a daidai nisa da tsayin da kamfani ya rubuta. Sai a haɗa na'urar bincike, wadda makanikai ke ce wa kwamfuta, a mahaɗarta da ke ƙarƙashin sitiyari. Kyamarar ta dubi allon, ta gwada inda ta gan shi da inda ya kamata ya kasance, ta gyara ma'auninta. In allon ya karkace, to karkatacciyar koyarwa aka yi mata. Shi ya sa ba a yin wannan aiki a bakin titi ko a ƙarƙashin bishiya.

Ta biyu ita ce daidaitawa a tafe. Ma'aikaci ya haɗa na'urar, ya tuƙa motar da saurin da aka ƙayyade a kan titi mai fitattun layuka, a cikin yanayi mai haske, har na'urar ta nuna an kammala. Wasu motoci suna bukatar hanyoyin biyu, ɗaya bayan ɗaya. A nan ƙasar dole a zaɓi titi da lokaci da kyau, domin layin da ya koɗe, da cunkoso, da ruwan sama, da hazon hunturu, duk suna iya hana aikin kammaluwa.

Ba sauya gilashi kaɗai ke jawo daidaitawa ba. Ana bukatarta in an cire kyamarar daga mazauninta, ko an yi saitin taya, ko an canja sifirin ko girman taya har tsayin mota ya sake, ko motar ta yi karo. In an taɓa bambar gaba, rada ma tana bukatar nata saitin. Wanda ya sayi motar hannu da aka gyara bayan haɗari, ya kyautu ya kai ta a duba kafin ya dogara da na'urorinta.

ABIN DA YA KAMATA MAI MOTA YA YI

1. Kafin ka ba da aiki, ka dubi bayan madubin tsakiya da littafin motarka, ka tabbatar ko tana da kyamara.

2. Ka tambayi mai gyara ko yana da allon saiti da na'urar da ta dace da irin motarka. In ba shi da su, ku shirya tun farko inda za a kai motar bayan gam ya bushe, ko wajen dillalin kamfanin ko wani garejin da ke da kayan aiki.

3. Ka sa a nemo gilashi da lambar shasi, ba da ƙiyasin ido ba.

4. Ka nemi takardar da na'urar ke fitarwa, mai nuna lambar shasi da kwanan wata da cewa daidaitawa ta kammala. Ka adana ta tare da takardun mota.

5. In kana da cikakkiyar inshora, ka sa a rubuta kuɗin daidaitawa a cikin ƙiyasin gyara tun daga farko. Inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna kaɗai ba ta ɗaukar gyaran motarka.

6. Tsakanin kafa gilashi da daidaitawa, ka tuƙa kamar motar ba ta da waɗannan na'urori, ka kuma sanar da direbanka haka.

7. Kada ka liƙa takarda ko sitika ko baƙar leda a gaban kyamara. Ka riƙa goge wurin daga ƙura, musamman da hunturu.

8. In bayan gyara ka ga sitiyari na ja gefe, ko mota na taka birki ba dalili, ko gargaɗi na zuwa a makare, ka mayar da ita nan da nan.

Ga masu sana'ar kafa gilashi kuma, wajibi ne ku gaya wa mai mota gaskiya in aikin ya wuce kayan aikinku. Faɗin haka ba ya rage muku daraja, amma ɓoye shi yana iya jawo asarar rai, na mai motar ko na wanda ke tsallaka titi bai san kome ba.

A ƙarshe, a tuna cewa waɗannan na'urori mataimaka ne kawai. Ko an daidaita su yadda ya kamata, alhakin tuƙi yana wuyan direba, idonsa a kan hanya, hannunsa a kan sitiyari. Amma mataimakin da ke kallon karkace ya fi rashinsa haɗari, domin direba ya amince masa. A sauya gilashi, a daidaita kyamara, a karɓi takarda, sa'an nan a hau titi.