Shin Ko Kun San? Maganaɗisu Mai Kaurin Ƙwayar Zarra da Gurbin Digirin Digirgir

Shin ko kun san cewa dutsen da ake fasawa a Mpape, wanda tifofi ke kai tsakuwarsa wuraren gine-ginen Abuja, yana ɗauke da ma'adinin da ke ɓarewa falle-falle? A cikin irin wannan dutse akwai baƙaƙen ɗigo masu ƙyalli da ake kira maika. A ɗakunan bincike ana ɓare maika mai tsabta don a shimfiɗa siraran sinadarai a kanta, saboda santsin fuskarta.

Shin ko kun san cewa da salatif aka buɗe fagen binciken siraran sinadarai? A 2004, a Jami'ar Manchester da ke Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov sun yi ta manna salatif a kan girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, suna ɓarewa har suka samu falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Shi ne girafin. A 2010 aka ba su kyautar Nobel ta fiziks.

Shin ko kun san cewa a cikin girafait mai kaurin milimita 1 akwai irin waɗannan falle kusan miliyan 3? Siranta ta kai inda masana ke cewa abin yana da tsawo da faɗi kawai, ba shi da kauri.

Shin ko kun san cewa an yi shekaru ana shakkar samun maganaɗisu a abu mai siranta haka? A 1966, David Mermin da Herbert Wagner sun nuna da lissafi cewa ɗumi ko yaya yake zai wargaza jerin ƙananan maganaɗisun da ke cikin falle, muddin ba su da wata fuska da suka fi son kallo. Mafitar tana cikin sharaɗin: a nemo sinadarin da ƙirarsa ke tilasta musu fuskantar sama ko ƙasa.

Shin ko kun san cewa sai a 2017 aka tabbatar da shi? Masu bincike a Jami'ar Washington da cibiyar MIT sun gano maganaɗisu a falle ɗaya na sinadarin CrI3, haɗin kuromiyam da aidin. A shekarar ce kuma wasu a Berkeley suka ga irinsa a Cr2Ge2Te6. Duka a Amurka aka yi.

Shin ko kun san cewa yawan falle yana sauya halin CrI3? Falle ɗaya yana da maganaɗisu. In aka ɗora biyu, sai su fuskanci juna da akasi, ƙarfinsu ya kashe juna. In suka zama uku, maganaɗisun ya dawo. An kuma nuna cewa ana iya juya wannan hali da wutar lantarki kaɗan.

Shin ko kun san cewa babbar matsalar ita ce sanyi? Falle ɗaya na CrI3 yana riƙe maganaɗisunsa ne kawai a ƙasa da Kelbin 45, kimanin digiri 228 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, kuma iska da danshi suna lalata shi cikin ɗan lokaci. A 2018 masu bincike a Jami'ar Fudan ta ƙasar Sin suka sa maganaɗisun wani sinadari, Fe3GeTe2, ya ɗore har zuwa ɗumin ɗaki ta hanyar cusa masa caji. Neman sinadarin da zai jure zafi da iska da kansa na cikin manyan tambayoyin da ake ba ɗaliban digirin digirgir.

Shin ko kun san dalilin da ya sa ake zuba kuɗi a nan? Ma'adanar bayanai. Abin da Albert Fert da Peter Grünberg suka gano a 1988 game da siraran shimfiɗun ƙarfe shi ya ba kwamfuta damar ajiye bayanai masu yawa a ƙaramin faifai, ya kuma kawo musu Nobel a 2007. Fatan da ake yi yanzu shi ne ma'adanar da ta fi ƙanƙanta, ta kuma rage cin batir.

Shin ko kun san cewa tama ma ta shiga sahu? A 2018 aka ɓare siririn falle daga tamar ƙarfe ta hematait, aka same shi da maganaɗisu. Akwai irin wannan tama a Itakpe, jihar Kogi.

Shin ko kun san cewa ana iya soma karatun daga Abuja? Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, AUST, da ke Galadimawa, wadda aka kafa a 2007, tana ba da digiri na biyu da na uku a fiziks da kuma kimiyyar kayan ƙere-ƙere. A Sheda, yankin Kwali, akwai cibiyar bincike ta SHESTCO da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa.

Shin ko kun san cewa babban sashe na aikin da kwamfuta ake yinsa? Manhajar Quantum ESPRESSO kyauta ce, kuma da ita ake lissafa halin sinadari tun kafin a haɗa shi. Makarantar ASESMA, wadda ta soma a 2010, tana koyar da matasan Afirka wannan hanya tana zagaya ƙasashe.

Shin ko kun san cewa cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara 1 da tallafi don share fagen digirin digirgir? Tana da cibiyar haɗin gwiwa a Kigali, EAIFR, wadda ɗan Najeriya Omololu Akin-Ojo ya zama shugabanta na farko.

Shin ko kun san cewa a shirin Marie Curie na Tarayyar Turai albashi ake biyan ɗalibin digirin digirgir? Ɗan kowace ƙasa na iya nema, da sharaɗin bai riga ya samu digirin ba, kuma bai zauna a ƙasar da za ta karɓe shi fiye da wata 12 a cikin wata 36 na baya ba. Guzurin da ya fi amfani shi ne digiri mai kyau a fiziks, kemistiri ko injiniyanci, sanin kimiyyar kwantam, da iya rubuta manhaja da Python.