Me Ya Sa Bindiga Ke Wahalar Da Bahago? Daga Allon PUBG Zuwa Barikin Zuru

Idan kana buga PUBG Mobile ko Call of Duty a wayarka, ka san abin da gogaggen ɗan wasa ke fara yi kafin ya shiga fili. Saitin maɓallai yake shiga, ya ja maɓallin harbi ya kai shi inda yatsansa ke hutawa, ya ƙara masa girma, ya matsar da na tsalle gefe. Bahago ma ba ya asara, domin wasan ya ba shi damar ajiye maɓallin harbi a hagu. Minti biyu an gama.

Bindigar gaske ba ta da wannan saitin. Inda injiniya ya dasa makulli da mariƙi a jikin ƙarfe, nan za su zauna, kuma kusan duk injiniyoyin ƙarnin da ya wuce mai amfani da hannun dama suka sa a ransu. Alhali masu bincike sun daɗe da nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin goma a duniya bahago ne.

A gari irin Zuru wannan ba zancen wasa ba ne. Ƙasar Zuru da ke kudancin jihar Kebbi ta yi suna wajen ba Najeriya sojoji, har da wuya ka shiga unguwa ba ka samu gidan soja ko ɗan fansho ba. Daga nan Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami shi ma Manjo Janar ne, kuma ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985. Har gobe matasan yankin na neman shiga makarantar horar da kurata ta Zariya, kuma cikinsu akwai bahagwai. Wasu ma an tilasta musu cin tuwo da rubutu da dama tun suna yara, kamar yadda aka saba a gidajenmu, amma idan abu ya zo da gaggawa hagun ce ke riga motsi.

Ina matsalar take?

Duk lokacin da bindigar zamani ta tashi, tana tofar da kwanson harsashi mai zafi, kuma mafi yawansu ta gefen dama suke tofarwa. Mai harbi da dama fuskarsa na gefen hagu, don haka kwanson nesa da shi yake faɗuwa. Bahago kuwa fuskarsa na daidai gefen da kwanson ke fitowa. Yana iya gogar kumatunsa, ko ya faɗa masa cikin wuyan riga, ga hayaƙi a ido. Sojan Amurka sun sha wannan a kan M16 ta farko, har sai da aka fito da M16A2 a shekarun 1980 da wani ɗan tudun ƙarfe a bayan ƙofar fitar kwanso, wanda ke karkatar da shi daga fuska. Ƙaramin gyara ne da ko a hoto ba kowa zai lura da shi ba, amma ya sauya rayuwar dubban kurata.

Sai makulli da mariƙin ɗana bindiga. A nan ne labarin ya yi daɗi, domin manyan bindigogi biyu da sojan Najeriya suka daɗe da riƙewa sun saɓa da juna. FN FAL ta ƙasar Beljiyam, wadda kamfanin ƙera makamai na DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ya yi irinta, mariƙinta da makullinta duk suna gefen hagu. An yi haka ne don mai dama ya buɗe makulli da babban yatsa, ya ɗana da hannun hagu, ba tare da ya saki kunama ba. Ga bahago komai ya juye, sai ya miƙa hannu ya tsallaka bindigar.

AK-47 ta Mikhail Kalashnikov kuwa mariƙi da makulli duk a dama suke. Mai dama ne ke ɗan shan wahala da ita, saboda sau da yawa sai ya ɗauke hannu daga mariƙin kunama kafin ya sauke wannan faffaɗan makullin. Bahago hannunsa na dama a sake yake, kuma a daidai wurin yake. Ga shi tana cilla kwanso da ƙarfi, gaba-gaba, ba ya cika kusantar fuska. Ba don bahago aka tsara ta haka ba, sa'a kawai ya taka.

Af, ga wani abu ga 'yan PUBG. Beryl M762 ɗin nan da kuke kuka da tsallenta ba ƙirƙirar wasa ba ce. Ƙirar masana'antar makamai ta garin Radom ce a ƙasar Poland, jikar AK ce, kuma sojan Najeriya na cikin masu riƙe ta tun wajen 2015.

Gajeriyar bindiga, doguwar matsala

Injiniyoyi sun ga cewa idan aka mayar da gidan harsashi bayan kunama, bindiga za ta gajarce ba tare da an rage tsawon bututunta ba. Steyr AUG ta ƙasar Austriya da ta fito a 1977 tsawonta santimita 79 ne, alhali FAL ta kai 109. A cikin mota ko lungu, bambancin santimita 30 ba ƙarami ba ne. Sai dai wannan tsari ya kawo ƙofar fitar kwanso daidai kumatun mai harbi. Masu AUG sun yi tanadi, ana iya sauya wani sashe na cikinta ta koma tofarwa ta hagu. Ingila ba ta yi haka da SA80 ba, don haka sojanta ko bahago ne dole ya koyi harbi daga kafaɗar dama. A ganina nan ne aka fi nuna halin injiniyan da ke cewa mutum ya bi na'ura, maimakon na'ura ta bi mutum.

Daga baya an samu mafita iri-iri. FN F2000 ta gaba take fitar da kwanso, P90 kuma ta ƙasa, ARX160 ta kamfanin Beretta ana juya gefen fitar kwansonta ba tare da kayan aiki ba. Masu AK ma sun bi sahu, sabon samfurin AK-12 na 2023 ya zo da makullin da ake taɓawa ta kowane gefe.

Ba hannu kaɗai ba ne. Gindin bindiga na katako tsawonsa ɗaya ne ga dogo da gajere, kuma soja na sa rigar sulke nisan da ke tsakanin kafaɗarsa da kunama ya canza. Shi ya sa M4 ta Amurka da irinta suke da gindin da ake ja ko a tura, kamar yadda kake gyara kujerar direba. Ga sojan da ke sintiri a dazukan Danko-Wasagu ko Sakaba, inda 'yan bindiga suka addabi manoma, bindigar da ba ta zauna a kafaɗa daidai ba tana nufin jinkirin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma a kwanton ɓauna daƙiƙa ɗaya tana da tsada. (Mu tuna, dokar bindigogi ta 1959 ta haramta wa farar hula mallakar irin waɗannan makamai. Ƙira muke nazari a nan, ba kasuwa ba.)

Akwai kuma ido. Kamar yadda hannu ɗaya ke rinjaye, haka ido ɗaya ke rinjaye, kuma ba dole su kasance gefe ɗaya ba. Mutum na iya zama mai dama amma idonsa na hagu ne jagora, sai ya yi ta kuskuren saiti bai san dalili ba. Shi ya sa masu horar da harbi da yawa ke duba ido kafin su zaɓa wa ɗalibi kafaɗa. Kana iya gwadawa yanzu: miƙa hannuwanka biyu, ka haɗa su ka bar ɗan rami a tsakiya, ka leƙa wani abu mai nisa ta ramin da idanu biyu a buɗe. Rufe ido ɗaya, ka buɗe, sannan ka rufe ɗayan. Idon da abin bai ɓace masa ba shi ne jagoranka, kuma akwai yiwuwar da shi kake leƙen allo duk lokacin da ka ɗaga waya za ka ɗauki hoto.