Muritaniya: Yini guda a gaɓar Banc d'Arguin, inda teku ke tsayar wa direba lokaci

Tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, a inda rairayin Sahara ke gangarawa cikin tekun Atilantika, akwai gandun Banc d'Arguin mai faɗin kusan murabba'in kilomita 12,000. Gwamnatin Muritaniya ta keɓe shi a 1976, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1989. Kusan rabinsa ruwa ne, sauran kuma yashi da tsibirai. Ana iya zagaya wani sashe na gaɓarsa a yini ɗaya, amma sai da shiri.

Galibin matafiya kan tashi daga Nuwakshot bayan sallar asuba, su bi kwaltar da ta haɗa biranen biyu mai tsawon kilomita kusan 470. A garin Chami, wajen tsakiyar hanya, ake sauka daga kwalta a nufi yamma. Daga nan babu titi, sai sawun motocin da suka riga wucewa, wanda iska kan shafe cikin dare. Shi ya sa ake shiga da kat-kat, da ɗan jagora, da ruwan sha da mai masu yawa. Direbobi kan rage iskar tayoyi don kada mota ta nutse a yashi.

Zangon farko yakan kasance Cap Tafarit, kusa da ƙauyen Arkeiss, inda tudun dutse ke kallon teku kuma gaɓar ke da farin yashi. Daga nan sai kudu zuwa Iwik, wurin kallon tsuntsaye. Duk lokacin hunturu tsuntsaye kusan miliyan biyu kan taso daga arewacin Turai, Saiberiya da Girinlan su sauka nan. Dalili shi ne ruwan ba shi da zurfi. Idan teku ta janye, sai fili mai laka da ciyawar ruwa ya bayyana, cike da tsutsotsi da ƙananan kaguwa. Kwasakwasa da wasu manyan tsuntsaye kuwa nan suke ƙyanƙyasa a tsibirai.

Wannan rashin zurfi ya taɓa jawo bala'i. A watan Yulin 1816 jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse ya kafe a yankin. Daga cikin mutane kusan 150 da aka bari a kan katakan da aka ɗaure, 15 kaɗai aka samu da rai bayan kwana 13.

Mazauna gandun su ne Imraguen, masunta da ke zaune a ƙauyuka ƙasa da goma. Su kaɗai doka ta yarda su yi su a ciki, kuma da jiragen katako masu tafiya da iska, domin an hana masu inji. Sun yi suna wajen kamun kifin mulet, wanda mata ke busarwa, su kuma sarrafa ƙwansa da mansa. Baƙon da ke son ganin tsibirin Tidra, mafi girma a gandun, jirginsu zai hau, kuɗin kuma ya shiga hannun mutanen ƙauyen.

Sashen da ya fi haɗari shi ne komawa ta bakin ruwa daga Mamghar, ƙauyen da ke ƙarshen gandun ta kudu. Kafin a shimfiɗa kwalta, nan ce hanyar motoci zuwa Nuwakshot. Teku kan cika sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da janyewa kuma awa shida ne da 'yan mintoci. Jiƙaƙƙen yashin da ruwa ya bari yana da tauri kamar daɓe, amma a wasu wurare tuddan rairayi sun matso har bakin ruwa, babu wajen kaucewa. Wanda ya makara, ko motarsa ta kafe, ruwa zai iske shi. Don haka idan lokacin janyewar bai dace da hasken rana ba, gara a kwana a tanti ko a koma kwalta.

Gandun kansa yana fuskantar matsi. Manyan jiragen kamun kifi na aiki a gefen iyakarsa, ana haƙar iskar gas a tekun ƙasar, a Chami kuma masu neman zinariya na amfani da zaiba, abin da ke damun masu kare muhalli. Kifaye da dama a wannan ruwa suke girma kafin su fita zuwa inda masuntan ƙasar ke kama su, shi ya sa lalacewar gandun za ta taɓa aljihun mutanen da ba su taɓa taka shi ba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin ziyara mafi kyau, saboda sanyi da yawan tsuntsaye. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ana bukatar baƙo ya koma da sharar da ya tara.