Yaron da ke Lafiya a Runka, Ya Kwana Kuka a Wagini

An haifi ɗan ƙanena a Runka, ta ƙaramar hukumar Safana, a gidan iyayen uwarsa kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Can ya yi arba'in lafiya ƙalau. Da aka dawo da su gidanmu a Wagini, ba a rufa mako uku ba cikinsa ya fara kumburi. Daga la'asar sai ya naɗe ƙafafu, ya sandare, ya yi ta tsala kuka har muryarsa ta dushe, ga zawo tsululu sau biyar sau shida a yini. Ana cikin haka aka yi biki a Runka, uwar ta tafi da shi ta yi kusan mako guda. Kumburin ya saɓe, zawon ya ja baya, yaro ya riƙa barci. Kwana biyu da dawowarsu Wagini, komai ya dawo sabo.

Wannan tafiya ta Runka ita ta raba kan gidan. Maƙwabta suka ce ai magana ta fito fili, gidan ne ke da abu, ko iska ko kambun baka. Aka karɓo rubutu, aka yi turare. Uban yaron ya ce haƙori ne, ya je kemis aka haɗa masa maganin haƙori da wani ruwan magani na kashe ƙwayoyin cuta. Wata tsohuwa ta buɗe ɗuwawun yaron, ta ga ya yi jawur ya saɓule, ta ce ɗankanoma ne. Belu kam ba a zarge shi ba, don wanzami ya riga ya cire tun kafin suna, aikin da ni dai ban taɓa ganin amfaninsa ba sai zubar da jinin jariri. Inna kuwa, mahaifiyarmu, wadda yaron ke wuni a hannunta tana kiransa maigidanta, ba ta ce uffan ba. Ta dai ƙara ƙanƙame shi.

Da na iso gida yana cikin wata na huɗu, na ɗauke shi na ji shi sakayau, gabana ya faɗi. Kowa a jihar Katsina ya san inda zawon da ya ƙi tsayawa yake kai yaro. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa. Da yawan irin waɗannan yara da gudawa suke farawa. Na lallashi ƙanena muka kai shi wurin wata ma'aikaciyar lafiya da ta daɗe tana duba yara a yankin Batsari, wadda mata ke kira Malama.

Ba ta miƙa hannu ga magani ba. Katin awo ta fara tambaya, ta ɗora yaron a sikeli, ta ɗiga alama. Layin nauyinsa ya hau da kyau har zuwa mako na shida, daga nan ya kwanta. Ta ce akwai kukan ciki da jarirai da yawa ke yi ba tare da wata cuta ba, wanda ke tsananta wajen mako shida, wato daidai fitar arba'in, ya lafa da kansa a wata na uku zuwa na huɗu. Tun 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya sa masa ma'auni: kukan da ya wuce awa uku a rana, kwana uku a mako, har mako uku. Amma mai irin wannan kuka yana ƙiba, kashinsa kuma lafiya lau. Namu ramewa yake yi, kuma zawonsa ya haura kwana 14. Ta gwada jininsa babu zazzaɓin sauro, ta leƙa kunne da baki, ta shafa maɗigarsa ba ta faɗa ba, ta tsunkuli fatar cikinsa ta koma nan take. Ta ce alhamdu lillahi ruwan jikinsa bai ƙare ba, da sai asibiti a ranar.

Batun haƙori bai ɗauke ta minti biyu ba. Ta sa yatsa a dasashinsa, babu komai, kuma ko da akwai, fitar haƙori ba ta sa yaro zawon mako uku. Ta karɓi kwalbar maganin haƙorin ta ajiye gefe, ta tuna mana maganin haƙorin nan My Pikin, wanda daga ƙarshen 2008 ya kashe yara 84 a Najeriya saboda wani sinadari mai lalata ƙoda da ya shiga cikinsa. Ɗaya kwalbar ma ta hana. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ba jini a kashi, ba ya tsayar da zawon jariri, sai ma ya kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanji ya ƙara tsawaita shi.

Sai ta ce a nuna mata kashin. Uwar ta kwance ƙunzugun cikin jin nauyi. Ruwa ne mai kumfa, launinsa tsakanin ɗorawa da kore, ga wari mai tsami da ke bugun hanci. Malama ta daɗe tana kallo. Ta ce irin wannan kashi yana nuna akwai sukarin madara da hanji ya kasa narkarwa. In zawo ya daɗe yakan goge fatar cikin hanji, wadda ita ke fitar da sinadarin narkar da wannan sukari. Sukarin sai ya wuce ƙasa ɗanye, ƙwayoyin hanji su ci shi su fitar da iska da tsami. Iskar ce kumburin da kukan, tsamin kuma shi ya ƙona ɗuwawun da aka kira ɗankanoma. To amma wannan ya bayyana yadda ciwon ke tafiya ne kawai. Me ya tayar da zawon tun farko, kuma me ya sa yake tsayawa a Runka?

“Ban da nono, me yake sha?” ta tambayi uwar.

“Ba komai, Malama. Sai maganin da babansa ya kawo.”

“Sau nawa kike ba shi da rana?”

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Da kyar aka gane cewa da dare yana jikinta yana tsotso yadda ya so, amma daga hantsi zuwa magariba bai fi sau biyu ko uku ba. Ɗan fari ne. Ba za ta ɗauke shi a gaban surukarta ba, ba za ta kira sunansa ba, balle ta je ɗakin Inna ta ce a ba ta ɗanta. Sai an miƙo mata shi. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce da muke alfahari da ita, ni ma da ita na tashi, amma a nan ta sa uwa ba ta san yadda ɗanta ke wuni ba. Malama ta lura da abu biyu. Jaririn da ke samun nono sau biyu a yini ya kamata ya wuni yana ihun yunwa tun hantsi, wannan kuwa shiru yake har azahar, kukan sai la'asar. Ke nan wani abu na cika masa ciki da rana. A Runka kuma, gaban uwarta, kunyar da sauƙi, yaro na bayanta dare da rana.

Washegari Malama ta biyo mu gida. Ta gaida Inna har ƙasa, ta zauna a tabarma, ta ce tana son a lissafa mata duk abin da ya shiga bakin yaron daga asubahin jiya, ta hannun kowa. Inna ta ce rubutu, cokali biyu safe da yamma, sai ruwa, don bazara ce, ba za ta zuba ido ƙishirwa ta kashe mata maigida ba. Ruwan daga randa yake, randar daga rijiya, moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa. Malama ta ce wannan kaɗai ya isa ya tayar da zawo, kuma ta yi bayanin da na so a ce kowace kaka ta ji: kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wata shida na farko nono zalla, ko a zafin Afrilu. Mai ƙishirwar da za a ba ruwa ita ce uwar. Duk da haka ta ce lissafin bai cika ba. Cokalin ruwa ba ya ƙosar da yaro ya yi barcin awa uku.

Amsar daga bakin 'yar riƙon Inna ta fito, yarinya 'yar shekara tara da ke tsaye jikin ƙyaure. Ta ce, “Inna, yau ba za a sayo madarar maigidan ba?”

Tsakar gidan ta yi tsit. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe wata kwalla a ƙarƙashin gado ta fito da fida. Malama ta kwance murfin ta juya kan robar. A cikin lungunsa akwai farin dasƙararren abu da ya fara yin baƙi, warinsa irin na kashin da muka gani jiya. Ɗauraya ake yi mata da ruwan randa, ba a taɓa tafasa ta ba. Madarar kuwa ta gari ce 'yar leda da ake zubawa a shayi, ba don jarirai aka yi ta ba. Kullum da hantsi da bayan azahar Inna na dama ta ta ba shi.

Dalilinta ya sa ni hawaye. Kwanaki kaɗan bayan dawowarsu daga wanka, an yi wani dare na harbe-harbe, irin wanda duk mai zaune a bakin dajin Rugu ya sani, mutane suka kwana a gonaki. Da safe yaron ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, yana kuka. Inna ta sa aka tatso kaɗan a ludayi ta jefa tururuwa, tururuwar ba ta fito ba. A wurinta hukunci ya yanku, tsoro ya ɓata nonon. Ba ta so ta faɗa, don kada a ce ta aibata matar ɗanta, kada kuma dangin Runka su ji. Da can da nonon saniya za ta ba shi, amma shanun gidan sun daɗe da tafiya hannun ɓarayi. Sai ta riƙa cire kuɗin madara daga ɗan abin da take samu na ƙuli-ƙuli, tana ceton jikanta a ɓoye.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Inna, abin da kika gani ran nan gaskiya ne. Firgita na riƙe nono ya ƙi zubowa na ɗan lokaci. Amma ba ta ɓata shi, kuma da yaro ya ci gaba da tsotso yake sakowa. Tururuwa kuwa ko a madarar kanti kika jefa ta, tana iya nutsewa.” Ta nuna mata yadda abin ya zama zobe. Fida da ruwan randa suka kawo zawo, zawo ya goge hanji, hanjin ya kasa ɗaukar madarar shanu, yaro ya ƙoshi da madara ya rage tsotso, nono ya ragu don nono gwargwadon tsotso yake zuwa, raguwar kuma ta ƙara tabbatar wa Inna zarginta. “Shaidarki tana Runka,” in ji ta. “Mako guda ba abin da ya sha sai wannan nonon da kike tsoro, kuma a kansa ya warke.”

Inna ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, “To rubutun fa?”

“Uwar ta sha. Shi kuma a tofa masa addu'a.”

Abin da aka tsara ba shi da tsada. An jefar da fida. Nono duk lokacin da ya nema, kada ya gaza sau takwas tsakanin dare da rana, ya ƙare ɗaya kafin a juya shi ɗayan. Bayan kowane zawo a ba shi ruwan ORS da aka haɗa da tafasasshen ruwa, da cokali. Ƙwayar zink rabi, wato miligiram 10 ga wanda bai kai wata shida ba, a narka a ɗan tatsattsen nono, kullum har kwana 14 ko da zawon ya tsaya. Ɗuwawun a wanke da ruwa, a bar shi ya sha iska, a shafa man kaɗanya. Ta ja kunnen ƙanena cewa in ya ga jini a kashi, ko amai kore, ko zazzaɓi, ko maɗiga ta faɗa, ko yaro ya ƙi kama nono ya yi laƙwas, kada ya jira gari ya waye in hanya ta yiwu. Ta kuma ga a kati an tsallake rigakafin mako goma, wanda tun 2022 ya haɗa da ɗigon rota mai kare yara daga mugun zawo, ta sa rana a je a cike.

Ni a ganina, abin da ya fi duk waɗannan aiki shi ne rabon da ta ba Inna. Ba ta ƙwace mata jika ba. Ta ce ita za ta riƙa kai shi wurin uwarsa da zarar ya fara tsotsar hannu, in ya gama ita za ta kifa shi a kafaɗa tana shafa bayansa har ya yi gyatsa, ita kuma za ta tabbatar mai jego ta ci ta sha. Da yammacin ranar na ji Inna a ƙofar ɗakin surukarta tana cewa, “Ke, karɓi ɗanki ki ba shi. Ni na ce. Ba kunya a wannan.”

Kwanakin farko ba su yi daɗi ba. Yaron ya saba da fida mai zubowa ba wahala, ya yi ta fushi da nono, Inna ta yi ta zagaye tsakar gida tana cewa yunwa yake ji. Malama ta ce a ƙirga fitsarinsa, in ya kai sau shida a yini to yana samu. Ya kai. Cikin mako guda kumfar ta ɓace, kashin ya yi kauri, jan ɗuwawun ya bushe. Kukan la'asar bai tafi gaba ɗaya ba, ya rage na ɗan lokaci da goyo ke kwantar da shi, har ya bari da kansa wajen wata biyar. A awo na gaba layin katin ya ɗaga kai, Malama ta rubuta ranar da zai cika wata shida, ta ce ran nan Inna ce za ta dama masa kunun gero da gyaɗa na farko, a kofi da cokali, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu.